Takardun da Na Ƙunsa Zinari a Ciki

Da ƙaramar Sallar bana Yaya Sani ya cika shekara goma sha shida da rasuwa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare a Gummi. Kowace shekara addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara, don akwai abin da na yi masa wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Yaya Sani ba ya ba yara kuɗin barka da Sallah. Tun kafin azumi zai hau mota zuwa Gusau ya sayi hannun jarin kamfanoni da sunan yaran gidanmu. Ranar Sallah su zo cikin sababbin kaya suna miƙa hannu, shi kuwa ya miƙa wa kowa takarda mai kauri. 'Yarsa tilo, Hauwa'u, har ranar haihuwarta yake yi mata haka, mu da ko watan da aka haife mu ba mu sani ba. A bayan kowace takardarta sai ya yi ɗan rubutu da jan bironsa na duba aikin ɗalibai, ya ce za ta karanta in ta girma.

Yara su fito suna tura baki, ni kuwa ina zaure da canji a aljihu. In ba su na alawa, in ce, "Ku tai ku ci takarda in yunwa ta kama ku." Ni na laƙa masa Malam Takarda, sunan ya bi shi har makaranta. Innarmu ta sha ce mini, "Kai Bello, bar wan nan naka, ya san abin da shika yi." Da aka ce kasuwar hannun jari ta faɗi, har gida na je na yi masa jaje ina dariya. Bai shekara ba ya kwanta ciwon ajali.

Da matarsa ta fita takaba, ta danƙa mini Hauwa'u da ambulan ɗin takardunta. Lokacin ne haƙar zinari ta tashi a Bukkuyum da Anka, kafin gubar dalma ta fara ɗauke mana yara. Na shiga sayen zinari a bakin rami. Wata rana na rasa abin ƙunsa garin zinari, sai na tuna da ambulan. Takardun ba sa yagewa da sauƙi, ba sa jiƙewa da gumi. Na yayyanka su da almakashi, kafin damina sun ƙare.

Ba ma wannan ya fi damuna ba. Hauwa'u ta tashi a gidana tana cewa, "Baba ko kwabo bai taɓa ba ni ba da Sallah, Baffa ne mai ba mu." Sai in yi murmushi. Wallahi daɗi nake ji. Na bar marainiya ta girma tana ɗaukar ubanta marowaci, don a ce ni ne mai kyauta.

Yau tana aikin jinya a Anka. Wata abokiyar aikinta, Madam Grace, ta nuna mata a waya jerin mutanen da ribarsu ta taru ba su karɓa ba, sai ga sunanta. Ashe jarin bai mutu ba, kuma ko ba takarda ana iya karɓa. Da Yaya Sani zai ga zamanin nan da ake saya wa jariri hannun jari daga waya, na san ba zai ce ya faɗa mini ba. Ba halinsa ba ne. Tabarau kawai zai gyara ya ce a koya masa.

Ran Sallah ta zo gaishe ni. Ta durƙusa, ta ce, "Baffa, ashe Baba bai mance da ni ba. Innata ta ce takardun suna wurinka. Ba don kuɗin ba, waɗanga sun hito. Rubutun da ya yi man a baya nika son in gani."

Jarinsa ya tsaya, sunan da na laƙa masa ma ya koma yabo. Abu ɗaya ne ba ya cikin wayar kowa, shi ne kuma ta zo nema. Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce, "To Baffa, hwaɗa man ko guda cikin abin da ya rubuta."

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ko guda ban karanta ba.