Hannun da Yaya Garba Bai Karɓa Ba

A wannan damina yayana Garba ya cika shekara talatin da rasuwa. Ya rasu a ƙauyenmu da ke gefen Gubuchi, da ciwon amai da gudawa, wanda likitoci ke kira kwalara. Ba malami ba ne, ba shi da sarauta, manomin rake da masara ne. Abin da ya sa na kawo shi wannan shafi shi ne, annobar zamaninmu, wannan mai kama numfashi, ta sake dawowa bayan mun ɗauka ta tafi, kuma kullum rediyo na cewa a daina musabaha, a rage taro, a zauna a gida. Yaya Garba ya yi duk waɗannan tun kafin kowa ya umarce shi. Ina so in faɗi abin da gari ya saka masa da shi.

Zamanin mulkin soja ne, lokacin tsuke bakin aljihu. Asibiti na nan, gini da gadaje, amma magani sai ka sayo a waje, har da ledar ƙarin ruwa da allurar da za a sa maka ita. Ni ina Kaduna ina aiki a gidan rediyo, cikin masu karanta sanarwa. Na karanta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari har na haddace shi. A ƙauyenmu kuwa, ba a ganin sukari sai a gidan da ake suna.

Ciwon ya fara shigowa ne a daminar da ta gabaci rasuwarsa. Matarsa Asabe ta je zaman makoki a maƙwabta, ta taya wanke kayan mamaciya, ta sha kunun sadaka da ludayin da kowa ya sha da shi. Abin da kowace matar kirki za ta yi ke nan. Kafin mako ya zagayo an binne ta, an binne 'ya'yanta maza biyu. Saude kaɗai ta rage, 'yar budurwa, domin tana Paki wajen kakarta a lokacin.

Gari ya yi wa Yaya Garba kara a wannan rashi, ba zan ɓoye ba. Wanda ya fi kowa tsayawa shi ne Alhaji Tanimu, abokinsa tun suna kiwon awaki, kuma mai motar a-kori-kura ɗaya tilo a ƙauyen. Shi ya kwashi Asabe da yaran zuwa asibitin Makarfi bai karɓi kuɗin mai ba. Shi ya dawo da gawarwakin. Shi ya shiga kabari ya karɓi yaran da hannunsa.

Da rani ya yi, ciwon ya lafa. Aka ce ya wuce. Aka koma bukukuwa, aka koma cin kasuwa, har aka fara ba Yaya Garba shawarar ya sake aure. Sai ruwa ya sauka, aka fara jin an ce ciwon ya ɓulla wajen Kudan, sannan a wani ƙauye kusa da mu, sannan a bayan masallacinmu.

A nan Yaya Garba ya rufe ƙofarsa. Ruwan sha sai an tafasa, duk da tsadar itace a damina. Saude ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa gaisuwa. Shi kansa in ya haɗu da mutane sai ya ɗora hannuwansa a ƙirji ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gona da gajiya, amma bai miƙa hannu. Da farko abin dariya aka ɗauke shi. Samari suka sa masa suna Likita Garba. In ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Likita, yau ba a duba marasa lafiya ne?" Sai ya yi murmushi ya wuce.

Na je gida a cikin kwanakin, na ce masa mutane fa sun fara magana. Ya ce da ni, "Ni ba ilimi gare ni ba, kai ne mai karatu. Na dai ga ta inda ya shigo mini gida. Yarinyar nan ita kaɗai ta rage mini."

Sai babban ɗan Alhaji Tanimu ya kamu, ya rasu.

Ban kasance a wurin ba, amma mutane da dama sun ba ni labarin, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Yaya Garba ya je gaisuwa. Bai hau tabarma ba. Ya tsaya daga bakin inuwar darbejiyar ƙofar gidan, ya ɗaga murya ya yi ta'aziyya, ya yi wa mamacin addu'a, idanunsa na zubar da hawaye. Alhaji Tanimu ya miƙe daga cikin jama'a, ya tako har gabansa, ya miƙa masa hannu. Yaya Garba ya ɗora nasa a ƙirji.

"Garba," in ji Alhaji, "hannun nan ne ya sa 'ya'yanka a kabari bara."

"Na sani, Alhaji. Ka yi mini haƙuri."

"To karɓi mana. Jama'a na kallo."

Bai karɓa ba. Alhaji Tanimu ya daɗe da hannunsa a miƙe, sannan ya goge shi a gefen rigarsa, ya koma ya zauna.

Ba a kira taro a kan maganar ba, ba wanda ya yanke hukunci. Abubuwa ne kawai suka daina faruwa. Kwanon tuwon da maƙwabta ke aiko wa Saude tun rasuwar uwarta ya daina zuwa. Yaya Garba ya kira gayya don maimain gonarsa, aka dafa abinci, ba wanda ya zo da fartanya. In ya yi sallama a majalisa, a amsa a taƙaice a ci gaba da hira. Wata Juma'a aka yi wa'azi a kan masu tsoron cuta fiye da tsoron Mahaliccinta. Ba a ambaci suna ba, ba a kuma bukaci a ambata ba.

Na yi shekaru ina auna wannan al'amari, kuma ba na son in mai da mutanen ƙauyenmu dodanni. A wurin da gwamnati ba ta san da kai ba sai ranar haraji, abin da talaka ya dogara da shi guda ne: in ka faɗi za a zo, domin kai ma kana zuwa. Wanda ya ƙi hawa tabarmar makoki, a ganinsu, ya zare kansa daga wannan alkawari. Na fahimci haka. Abin da ban fahimta ba har yau shi ne daɗin da suka ji ranar da abin ya juyo kansa.

Domin ya juyo. Ya je kasuwar Makarfi ya dawo, washegari da safe ya fara amai. Ba wanda ya san inda ya ɗauko shi. Abu na farko da ya yi shi ne ya hana Saude shiga ɗakin. Ya ce ta riƙa ajiye masa ruwa a bakin ƙofa tana turowa da sanda. Da ta ga muryarsa ta fara shaƙewa, idanunsa sun faɗa, sai ta saɓa masa a karo na farko, ta fita da gudu zuwa gidan Alhaji Tanimu.

Ta same shi a ƙofar gida da mutane, motar na ajiye a gefe. Ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, Baba ne ba lafiya. Tun safe yake amai, ba ya iya tashi."

Alhaji ya ce, "Ayya, Allah ya sawwaƙe. Amma 'yata, motar nan ta kwashi marasa lafiya da gawa da yawa. Ba na so ta shafa wa babanki wani abu. Kin san shi da tsabta."

Wasu suka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Ki je ki tafasa masa ruwa, ai shi likita ne."

Saude ta gaya mini cewa ta ci gaba da durƙuso, tana zaton wasa ne irin na manya, yanzu zai ce a tayar da mota. Sai ta ji sun koma hirar farashin taki.

Wanda ya taimaka shi ne Ayuba, wani Kirista daga kudancin Kaduna da ya zauna a ƙauyenmu yana noma. Ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya shimfiɗa buhu, ya ɗauko Yaya Garba ya kwantar. Hanya duk taɓo. Ko a nan, Yaya Garba yana ɗaga hannu yana yi wa Saude alamar ta ja baya. Ya cika kafin su kai bakin kwalta, sai Ayuba ya juyo da shanun.

Liman ya zo, domin wajibi ne a sallaci Musulmi. Waɗanda suka tsaya bayansa ba su cika sahu ɗaya ba. Alhaji Tanimu bai zo ba. A lokacin babu waya a hannun kowa, wani direba ne ya kawo mini saƙo a Kaduna, na iso an riga an binne. Abin da na tarar shi ne tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, an share wurin tas, babu kowa a kai. A cikin gida Saude ta dama kunun sadaka cike da ƙwarya, ta jera ludaya, tana jiran mata. Kunun ya yi tsami a inda yake.

Yanzu ina kallon manyan mutane a talabijin suna gaisawa da gwiwar hannu, hancinsu a rufe da takunkumi, ana yaba musu da wayewa. Ina jin malamai suna kawo hujja cewa guje wa annoba ba raunin imani ba ne. Nakan tambayi kaina me Yaya Garba zai ce. Ba na jin zai yi alfahari, ba halinsa ba ne. Ina jin zai saurari sanarwar har ƙarshe, sannan ya tambaye ni, kamar yadda ya saba tambayar abu kai tsaye: to wanda ya bi wannan umarni, in ya faɗi, wa zai ɗauke shi? Sanarwar ba ta amsa wannan a wancan lokaci ba. Na saurara da kyau, ta yanzu ma ba ta amsa ba.

Abin da ya nema dai ya samu. Saude ba ta kamu ba. Tana aure a Ikara, tana da 'ya'ya da jikoki, babban ɗanta sunan mahaifinta gare shi, tana kiransa Abba. Duk wanda ke cikin gidan nan, daga tafasasshen ruwan can da rufaffiyar ƙofar can ya fito. Wannan shi ne abin da ya rage na yayana, kuma ba kaɗan ba ne.

Amma akwai wani abin da ya rage. A unguwarsu an san Saude da abu guda: ba a rasuwa ta rasa zuwa. Ita ce ta farko a gidan makoki, ita ce ta ƙarshen tashi. Tana kama hannun kowa, tana shan abin da aka miƙo mata. Da Alhaji Tanimu ya rasu bayan shekaru, jama'a har bakin hanya, ta hau mota tun daga Ikara ta je ta zauna da matansa.

A makon jiya na kira ta a waya. Bayan mun gaisa na ce, "Saude, annobar nan ta dawo, ga ki da hawan jini. Ki rage yawon gaisuwar nan."

Ta yi dariya ta ce, "Baffa, ku 'yan rediyo ba ku gajiya da sanarwa."

Na ce da gaske nake, mahaifinta ma abin da zai gaya mata ke nan.

Sannan ta ce, "Baffa, ni na shimfiɗa tabarmin nan, ni na naɗe su. 'Ya'yana ba za su naɗe irinsu ba."

Ta ce in yi mata haƙuri, mayafinta na hannunta, an yi rasuwa a bayan layinsu.