Mala Mai Fito da Lungun Babu

Mala Gana mai fito ne, kuma gadon sana'ar ya yi. Ubansa ya taso daga bakin Tafkin Chadi tare da fataken kanwa, ya iso Haɗejiya, ya ga kogin garin ya yi masa, sai ya sauke kayansa ya zauna. A nan aka haifi Mala, a wani matsattsen lungu kusa da ganuwar gabas. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga yawan raha. Dukiyarsa manya-manyan goruna ne da ya rataye a zaure. Idan kogi ya kawo, zai kifa ƙirjinsa a kan gora, mai ƙetarewa ya riƙe ta wancan ɓangaren, shi kuma ya yi ta bugun ruwa da ƙafa har su kai gaɓa. Wanda ke da abin bayarwa ya bayar, wanda ba shi da shi ya yi godiya ya wuce.

Matarsa Barira 'yar Kaugama ce. Wanta Haladu ne ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ne kuma ya ba Mala aurenta. Kowace kaka sai Haladu ya koro jaki da dammunan gero har ƙofar gida, ya kwana biyu, ya koma da busasshen kifi. Allah ya ba Mala da Barira 'ya'ya biyu, Binta babba, sai Usman.

'Yan shekaru bayan Nasara sun ci garin, damina ta zo ta wuce kamar ba a yi ta ba. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kogin da kan malale fadama har ido ya kasa ganin ƙarshensa, a waccan shekara bai wuce ƙugun mutum ba, kafin sanyi ya shigo kuwa yara na tsallake shi da gudu. Mai fito ba shi da wanda zai fitar. Wannan ita ce yunwar da daga baya aka riƙa kira Kakalaba.

Mala ya fara sauke gorunansa ɗaya bayan ɗaya yana kaiwa kasuwa, ana ba shi dusa. Da dusa ta ɓace aka koma kan goruba, da goruba ta ƙare aka koma tonon gidan tururuwa ana kwashe hatsin da suka ɓoye. Shi kuma ya ɗauki fartanya ya nufi busassun tabkuna. A ƙarƙashin daskararren taɓo ana samun saiwar bado, wani lokaci har da gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a laka yana jiran ruwa. Amma ba shi kaɗai ya san haka ba. Tabkunan kusa da gari duk an tone su sun koma kamar maƙabarta. Sai ya riƙa yin nisa, yana kwana a hanya, ya dawo da abin da bai cika ƙwarya ba, tafin hannunsa duk ya tsattsage.

Da bazara ta kama, mutane suka fara gangarowa daga arewa, daga ƙasar Damagaram da ƙauyukan da ke bayan Malam Madori, domin sun ji an ce akwai ruwa a Haɗejiya. Suka cika kasuwa da gindin bishiyoyi. Lungun su Mala yana da inuwa, saboda katangunsa dogaye ne, don haka nan ma suka kwanta jere-jere. Duk lokacin da Barira ta hura wuta, hayaƙi ya tashi, sai a fara buga ƙyaure.

Da farko Barira kan ɗebi ɗan romo ta miƙa. Wata rana ta buɗe ƙofa da ƙwarya a hannu, mutane suka yi mata ca, suka ture ta, suka shiga har madafa, suka kwashe abin da ke cikin tukunya yana tafasa. Ranar yaran ba su sa komai a baki ba. Mala ya dawo ya ji abin da ya faru. Ya samo guntun itacen giginya ya tokare ƙyauren.

"Daga yau ba mai buɗe ƙofar nan sai ni," in ji shi.

"Maigida, bayin Allah ne fa."

"Waɗannan biyun da ke kwance a ɗaki su ma bayin Allah ne. Dubi cikin Usman."

Ta duba. Cikin yaron ya kumbura, ƙafafunsa kuwa kamar kara.

Tun daga nan, duk wanda ya buga, Mala yakan amsa daga zaure da kalma ɗaya. "Babu!" Da safe babu, da rana babu. Muryar da ya saba kiran mutane da ita daga wannan gaɓa zuwa waccan, ita ce yanzu ke tashi ta kan katanga, har na bakin ganuwa suna ji. Maƙwabta ma suka koya, amma tasa ce ta fi amo.

Wata rana ya yi sa'a, ya faɗa kan wani kwari da ba a taɓa ba, ya cika buhun kaba da saiwar bado, ya haɗa da gaiwa biyu. Ya shigo da su ta bayan gida, ta kan katanga. Ya zauna a zaure yana tunani: in an yi tattali, wannan zai riƙe su huɗu har ya sake fita ya dawo. Barira tana can cikin gida a kwance, zazzaɓi ya kayar da ita. Bayan la'asar aka taɓa ƙyauren a hankali.

"Salamu alaikum. Mala? Ni ne, Haladu."

Muryar ta dushe, amma ya gane ta. Ya matsa ya sa ido a tsagar ƙyaure. Haladu ne, ya jingina da bango, rigarsa ta yi masa yawa kamar an rataye ta a sanda. A bayansa ga matarsa Aisa da goyo, ga yara uku riƙe da zaninta. Babu jaki, babu kaya.

Mala ya ɗora hannu a kan itacen tokarar. Ya waiwaya ya dubi buhun. Ya sake leƙawa ya dubi bakunan da ke waje. Daga cikin gida yana jin numfashin Usman, wani irin ƙugi-ƙugi da yaron ya fara kwanan nan. Ya cire hannunsa.

"Babu," ya ce, a hankali.

"Mala, Haladu ne fa. Wan Barira. Ko ruwa ne a ba yaran nan."

Sai ya ɗaga murya yadda ya saba, don kada ta yi rawa. "Babu! A yi gaba!"

Ba a sake bugawa ba. Ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da ƙyaure, yana jin su suna zama a ɗaya ɓangaren. Ya ce wa kansa gobe zai buɗe, in Barira ta ɗan ji sauƙi, in ya ga yadda Usman ya kwana. Ya dafa bado ya ba yaransa, shi bai iya haɗiye ko loma ɗaya ba.

Da gari ya waye kukan yara a bakin ƙofa ne ya fito da Barira, tana dafa bango. Ta ture itacen da kanta. Haladu yana kwance a bakin ƙofa, kansa a kan dokin ƙofar, ya riga ya yi sanyi. Ta durƙusa ta daɗe tana kallon fuskarsa kafin ta juyo.

"Maigida, Yaya Haladu ya yi sallama?"

"Ban ji ba."

Aisa ta ɗago kai. Ba ta yi ihu ba, ba ta da ƙarfin yin haka, amma duk wanda ke lungun ya ji ta. "Ya ji. Har sunansa ya faɗa masa. Ya ce mana babu."

Aka binne Haladu a ramin da ake haɗa mutane da yawa, domin masu haƙa kabari su ma sun gaza. Barira ta kama hannun Aisa ta shigar da ita gida da 'ya'yanta, ba ta nemi izinin kowa ba, Mala kuma bai hana ba. Abin da zai riƙe mutum huɗu aka raba wa tara. Buhun ya ƙare tun kafin ya shirya sake fita. Ya koma kwarin nan ya tarar an gano shi, an tone tas. Ya wuce gaba, ya yi ta sara taɓo har fartanyar ta karye, ya ci gaba da farce. Ya dawo da 'yan saiwoyi a cikin hularsa, ya tarar an binne jaririn Aisa. Kafin hadarin farko ya haɗu, Usman ma ya bi shi.

Mala ya ɗauki gawar ɗansa da hannu ɗaya, don ba ta da nauyi. A hanyar maƙabarta tunani biyu suka yi ta cin sa. Da ya buɗe ranar, watakila da Haladu yana raye. Da kuma ba a buɗe ba sam, watakila da Usman yana raye. Ya rasa wanne zai yi nadama a kai, ya kuma rasa wanda zai tambaya.

Ruwa ya sauka daga baya, kogi ya kawo har ya yi ambaliya. Baƙin da suka rage suka koma garuruwansu. Amma sun bar wa lungun suna. Tun cikin yunwar, in sabon zuwa ya tambayi inda zai roƙa, sai a ce masa, "Kada ka wahalar da kanka da lungun babu." Bayan an ƙoshi sunan bai tafi ba. Mai tallan nono in za a yi mata kwatance, Lungun Babu. Mai kai goron gayyata, Lungun Babu. Har masu zagayen ƙidayar gidaje da Nasara suka turo, haka suka kira shi.

Mala ya je wurin mai unguwa ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a taimake ni a sauya sunan nan. Ko da sunan ubana ne a sa, ai shi ya fara gini a wurin."

Mai unguwa ya girgiza kai. "Mala, ba ni na raɗa ba, balle in sauya. Bakin mutane ne. Ka yi haƙuri, za su manta."

Sun manta da dalilin, sunan dai ya zauna. Yaran da aka haifa daga baya suna faɗinsa da dariya, ba su san komai ba. Mala kuwa kullum sai ya ji shi a bakin wani.

Ya shuka duma, ya sami sababbin goruna, ya koma ruwa. Da fito ya ciyar da Aisa da 'ya'yan Haladu uku har suka girma, ya aurar da su tare da Binta, bai bambanta ba. Barira ta ci gaba da dafa masa abinci, tana ajiyewa a zaure ta juya. In magana ta zama dole sai ta aiko Binta. Raharsa ta tafi. Masu ƙetarewa suka san shi da tsohon nan da ba ya hira.

Wajen lokacin da jirgin ƙasa ya iso Malam Madori, ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ya kafa 'yar bukka a bakin kogi ya tare a can, ya ce ya fi kusa da aiki. Kowa ya san ba don haka ba ne. Ya daina shiga gari ko ranar Juma'a, yana bin masunta salla a kan rairayi.

Da ciwon ajali ya kama shi, Binta ta zo ta roƙe shi ya koma gida, ya ƙi. Washegari sai ga Barira da kanta, ta tsufa ita ma, da ƙunshin kaya a ka. Ta share bukkar, ta wanke masa tufafi, ta dama kunu ta ɗago kansa ta ba shi. Ta zauna a wurin har ƙarshe. Bai ce ta yafe masa ba, ita ma ba ta ce ta yafe ba. Sau ɗaya kawai ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Sha kununka, Maigida, zai huce."

Ya rasu da hantsi, wata ranar kasuwa, masunta suka yi masa wanka suka binne shi a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Da Barira ta gama takaba, ta bar wa Binta gidan, ta bi babban ɗan Haladu zuwa Kaugama, inda ya koma yana noma gonar ubansa.