Makullin Sito a Aljihuna

Tun ina saurayi a Safana nake da wata ɗabi'a da ta ishi mutane: ba na iya karanta littafi mai daɗi in yi shiru. Sai na nemo wanda zan ɗora wa. Kafin mu gama gaisawa da mutum na riga na zaɓa masa littafi a raina, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Na taɓa kai wa mai shayin bakin tasha wani tsohon littafin hikaya, bayan wata biyu ya mayar mini da shi da shatin gindin kofi a bango, ya ce wallahi ya yi masa amfani ƙwarai. Matata takan ce da atamfa nake talla da irin wannan naci, da babu macen da za ta rage da tsohon zani a garin nan. Wannan ɗabi'a ce ta kwashe akwatina kaf, don mai aron littafi a wajenmu ba ya sanin hanyar dawowa.

Saboda haka lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Batsari, da tsofaffin ɗaliban makarantar da ke aiki a birane suka ce za su sayo wa yara littattafai, ba a yi wata shawara ba aka ce ni zan rubuta sunayen waɗanda za a sayo. Ban taɓa karɓar aiki da farin ciki irin wannan ba. Mako uku ina rubutawa ina gogewa. Na sa tsofaffin hikayoyin da suka raine mu, waɗanda ake karanta wa tsohuwa ta ce a maimaita mata. Na sa na tatsuniya masu manyan baƙaƙe da zane, don 'yan aji ɗaya da biyu. Sannan na sa na sanin duniya: tarihi, jikin mutum, dabbobi, ƙasa da sama. Wani malami ya leƙa takardar ya ce mene ne amfanin labarin ƙarya ga yaron da bai iya lissafi ba. Na ce masa ya je ya tambayi kakarsa. Kowane suna da na rubuta, akwai fuskar yaron da nake gani a bayansa.

Fuska ɗaya ta fi sauran tsaya mini. Wata yarinya ce 'yar aji biyar, iyayenta sun gudo daga wata unguwa a bayan Ruma bayan an kai musu hari, suna raɓe a gidan wani ɗan'uwansu a cikin gari. Ba ta da surutu, amma duk abin da ke da rubutu sai ta karanta shi: takardar da aka ƙunso ƙosai, jikin buhun taki, bayan a-kori-kura. Littafi ɗaya tak ya rage mini da ya dace da ita, wata hikaya da ƙarshenta ya yage, na ara mata, ta karanta sau uku, ta zo ta faɗa mini yadda take ganin labarin ya ƙare. Wata rana ana tashi ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya fita.

"Malam, mi ya sa hadari kullum daga gabas yake tasowa?"

Na buɗe baki, sai na ga rabin amsar kawai na sani. Amma na tuna wani ɗan littafi da na taɓa gani wurin mai sayar da littattafai a Katsina, da Hausa, mai bayanin iska da gajimare da ruwan sama, har da zane. Na riga na sa shi a takardata. Na ce mata, "Amsarki tana hanya. Idan littafin ya iso, ke za ki fara buɗe shi." Haka na faɗa, da bakina, babu wanda ya tilasta ni.

Littattafai suka iso cikin kwali huɗu. Aka kafa rumfa, aka yi jawabai, liman ya yi addu'a, aka ɗauki hotuna. Shugaban tsofaffin ɗaliban ya ɗaga kwali ɗaya ya damƙa wa hedimasta a gaban jama'a, aka tafa. Baƙi na juya baya, hedimasta ya sa aka kai kwalayen sito, ya fito da sabon kwaɗo daga aljihu ya datse.

Dole in faɗi ko wane ne hedimastan nan, don kada a ɗauka mugu ne. Shi ya koyar da ni a aji ɗaya a Safana, shi ya kama hannuna na rubuta baƙin farko. Har na yi furfura ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Mutum ne da idan ya ari alli ya rage guntu sai ya mayar. Da tashin hankali ya yi yawa a ƙauyuka, wurinsa mutanen Yasore da na Runka suke kawo ajiya: takardun gona, kwanonin aure, ƙullin kayan marayu. Kuma a wajenmu an san yadda ake riƙon amana. Yadda aka ba ka haka za ka mayar, ko ƙullin da mai shi ya yi ba ka kwancewa. Malam, kamar yadda muke kiran sa, ya yi shekara da shekaru yana haka, da shi ake misali a gari.

Bayan kwana biyu na same shi a ofis, na durƙusa, muka gaisa, na tambayi gida da jiki da gajiyar taro.

"Ranka ya daɗe, na ce ko yaushe za mu fara ba yara?"

"Ba yara mi?"

"Littattafan, Malam."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce a raba wa yara kwanon rufin makaranta. "Ɗana, a hannuna aka damƙa kayan nan, gaban liman, gaban kowa. Gobe in masu shi suka zo suka ce ina kayanmu, in nuna masu mi? Bango a yage da miyar kuka?"

"Ai don a karanta suka kawo, ranka ya daɗe. Ba ajiya suka kawo ba."

"Haka suka ce. Kowa haka yake cewa ran biki. Ranar da ɗaya ya ɓace babu mai tuna ya faɗi haka. A bari sai an samu kabad mai gilashi da wanda zai tsare."

Na fito ina huci. Kabad mai gilashi! A makarantar da yara ke zama a kan tsumman buhu! Wata uku na yi ina cika ina batsewa. A gindin dalbejiyar da malamai ke shan iska babu wanda bai ji ta bakina ba. Na ce an kawo wa mayunwata abinci an rufe shi a ɗaki don kada kwano ya ɓaci. Na ce gara da ɓera sun fi 'ya'yan mutane gata, su ko ba komai suna da hanyar shiga. Malamai su yi dariya su ce, "To je ka faɗa masa mana." Na koma sau biyu, kowane zuwa in durƙusa, in yi gaisuwa mai tsawo, in kewaya in kewaya, ya ce in sha Allahu, in ce na gode. Na buga wa shugaban tsofaffin ɗaliban waya, ina tsammanin zai tayar da ƙura. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ai Malam ya fi mu sanin abin da ya dace." Ashe shi ma Malam ne ya kama hannunsa.

Ita kuwa yarinyar ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Duk ranar Litinin sai ta jira kowa ya fita, ta ce, "Malam, an buɗe?" In ce tukuna. Ta ce to. Tagar siton tana da wata 'yar kafa, na sha hango ta lokacin hutun tara ta kanga hannu tana leƙen kwalayen.

Ana gab da faɗuwar damina idon Malam ya matsa masa, aka ce sai an yi masa aiki a Katsina. Ranar da zai tafi ya aika aka kira ni. Ga mataimakinsa a zaune, ga manyan malamai, amma ni ya miƙo wa makullin sito, ya haɗa hannuna biyu a kai ya riƙe.

"Ɗana, ga amana. Na san ka fi kowa son kayan nan, shi ya sa kai na ba."

Kwana tara makullin nan ya yi a aljihuna. Ni da na cika gari da surutu, ni da na ce da ni ke da iko da tuni na fasa ƙofar. Ranar farko na je har bakin siton, na kama kwaɗon, na sake shi. Na ce bari dai gobe. Gobe ta yi na ce ai rashin kunya ne mutum yana kwance an ɗaure masa ido ka buɗe abin da ya rufe. Na ce idan ya dawo ya ga na riƙe masa da kyau, zai fi jin maganata. Dalilai dai ba su ƙare mini ba, kullum da sabo.

A kwana na shida aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, har ƙasa ta jiƙu sosai. Washegari da hantsi ina cikin aji sai ga sallama. Mahaifin yarinyar ne, dogon mutum ramamme, da ƙura a ƙafa. Muka gaisa, ya yi mini barka da ruwa, ya yi godiya a kan ɗawainiya.

"Malam, bankwana munka zo. Ruwa ya sabka. In ba mu koma munka yi shuka ba, bana ba mu da abin sa wa baki. Ko da tsoro, gara can."

Na ce makarantar ɗiyar fa? Ya ce ai na sani, tun da malamai suka gudu ba a sake buɗe ta can ba, awaki ke kwana a ciki. Ya ce uwarta ba ta iya barin ta a gidan mutane. Babura biyu na jiran su a bakin hanya.

Yarinyar ta fito da jakarta ta buhu. Ta ciro hikayar nan mai yagaggen ƙarshe, ta naɗe ta a leda tsaf, ta miƙo mini da hannu biyu. Na ce ta riƙe, na ba ta. Ta yi godiya. Sannan ta juya ta dubi ƙofar siton, taku ashirin bai kai ba daga inda muke tsaye, ta dawo da ido kaina.

"Malam, ba a buɗe ba ko?"

Hannuna yana cikin aljihu, makullin yana cikin tafina har ya yi gumi. Na san kwalin da littafin yake, don an rubuta sunayen a jikin kowane kwali. Minti biyu ya ishe ni. Yara sun leƙo ta taga, mataimakin hedimasta yana tsaye a baranda yana kallonmu.

Na ce, "Kin san Malam ba ya nan."

Ta ce, "To." Ta durƙusa ta yi mini sallama, ta bi bayan ubanta.

Ban yi ƙarya ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi har gobe. Na zaɓi magana ta gaskiya na ɓuya a bayanta, a gaban yarinyar da ba ta taɓa tunanin malami zai yi haka ba.

Da Malam ya dawo, ido ɗaya a rufe da auduga, bai ko zauna ba ya ce in raka shi sito. Ya shafa kwaɗon, na buɗe masa, ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ya ji ɗaurinsu yana nan yadda ya bari. Ya juyo fuskarsa cike da murna.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na san ba za ka ba ni kunya ba."

Na durƙusa na ce amin.

Sai da Malam ya yi ritaya aka buɗe kwalayen. A wajen taron yi masa bankwana an yabe shi da cewa ya miƙa kayan makaranta ko shafi ɗaya bai lanƙwashe ba, jama'a suka yi kabbara, ni ina zaune ina cizon leɓe. Sabuwar shugabar da aka kawo ba ta jira kabad ba, ta shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya ta zube littattafan. Kafin zango ya ƙare bangon wasu ya fita, wasu sun sha manja, wani ma an ce akuya ta cinye rabinsa. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar wannan ɓarna ba.

Ɗan littafin iska da ruwan sama kuwa, tun ranar farko na roƙi shugabar ta bar mini shi, na faɗa mata dalili. Na bi 'yan acaɓan da ke shiga Ruma ɗaya bayan ɗaya, na kwatanta musu unguwar da mutumin. Wani ya ce an sake tashin su bayan girbi. Wani ya ce sun yi kudu, wani ya ce a'a, sun tsallaka Zamfara wurin dangin matar. Babu wanda ya san takamaimai.

Har yanzu ina ɗora wa mutane littattafai, ɗabi'a ba ta barin mai ita. Amma na daina zagin Malam a gindin bishiya, don ba ni da bakin. Littafin yana cikin akwatina, a ƙarƙashin rigunan sallah. Jikokina sun sha ganin sa, sun roƙe ni in ba su su duba zanen, na hana. Ko ledarsa ban cire ba. Na ce mata ita za ta fara buɗe shi.