Tela da Reshen Murjani

Shekara arba'in Tela ya yi a shagon nan na ƙarƙashin bene, kuma duk layin an san shi da hali guda: ba ya ɓarnar yadi. In ya ja layi da alli, a kan layin almakashinsa yake bi, ko faɗin farce ba ya bari. Matarsa kan ce da za a ba shi hankici, sai ya fitar da riga har da aljihu.

A bayan keken ɗinkinsa akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. Wani abokin ciniki da zai yi ƙaura ne ya bar masa, da kifi biyu da ɗan guntun murjani mai rai wanda bai fi maɓallin riga ba. Halitta ce mai kama da itace, farin ƙashi a ciki, siririn nama mai launi a kai. Shekara tara Tela yana auna gishiri, yana goge gilashi, har guntun nan ya yi rassa shuɗaye, ya kai girman kan mutum. Ko jikokinsa ba ya yarda su ƙwanƙwasa gilashin.

Wata Talata da safe ya ga gindin ya yi fari. Kafin azahar farin ya hau rassa biyu, naman yana saluɓewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Hankalinsa ya tashi, ya kira mai sayar da kifin ado a waya.

"Baba, wannan ba ya jira," in ji mai kifin. "Mu ma ba mu san takamaiman maganinsa ba. Ka canza ruwa, ka yanke rassan da suka rage can sama da farin, cikin lafiyayyen, kamar faɗin yatsa biyu. Sauran ka zubar."

Tela ya ɗauko filaya. Sai dai hannun da ya shekara arba'in yana bin layi ba ya jin magana a yini ɗaya. Ya dubi shuɗin nan mai kyau da aka ce ya zubar, ransa ya ƙi. Daidai bakin farin ya riƙa yankewa, ya fitar da rassa bakwai, yana ma jin daɗin bai yi asara ba.

Washegari shida sun zama ƙashi. Cutar tana cikin naman tun kafin ido ya gan ta.

Ya canza ruwa, ya ƙara canzawa, ya rage hasken fitilar akwatin, ya rasa abin da zai taɓa kuma. Ɗinkin mutane na jibge a kan tebur, bai ko kalle shi ba. Da matarsa ta kawo masa abincin rana, sai ta tarar da shi zaune ya zuba wa gilashi ido. Yau kam ba ta tsokane shi ba.

"Maigida, saura nawa?"

"Ɗaya. Shi ma ya fara."

"To yanke yadda aka ce maka. Kawo in riƙe."

Ta riƙe, ya yanke can sama. Abin da ya rage bai fi maɓalli ba, daidai yadda aka ba shi. Ya manna shi a kan dutse, ya ɗora wata shekara tara a kan shekarunsa, lissafin bai yi masa daɗi ba.

Da safe tare suka buɗe shagon. Akwai ɗan fari a gindin guntun. Ya goge tabarau, ya matsa, ya ja baya, amma idon da ya daina ganin kafar allura bai iya rarrabe masa ko wurin yanka ne ko cutar ce ba.

"Ke duba min, idonki ya fi nawa."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe, ta janyo masa kujera.

"Zauna ka sha shayinka tukuna," ta ce.