Ɗan Yatsan da Malam Labbo Ya Tsare

Da an sallame sallar asuba, Malam Labbo yakan bi bakin gulbin Gummi a hankali, yana sauraron injinan ban ruwa a fadama. Kowanne da muryarsa, kuma da wuya ka sami wanda babu ƙarfen da Labbo ya sassaƙa a cikinsa. Manoman shinkafa kuwa ko sunansa ba su sani ba, abin da ke ba ni haushi ke nan.

A shagon da ya tsufa yana aiki akwai injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta. Injin yana da wani ɗan tsinke mai jan kai kamar dutsen tsakiya, da shi yake shafa ƙarfe ya auna kafin ya yanka. Labbo yana ce masa ɗan yatsa. Ɗaya ne tal. In ya karye sai an aika ƙasar waje, kafin ya iso shinkafar rani ta bushe. Ga shi in wuta ta ɗauke ta dawo, injin yakan manta abin da yake riƙe da shi, ya juya ɗan yatsan kamar wuƙa, abin da zai iya karya shi. Shekara da shekaru idon Labbo ne ke tsaronsa.

Sai idon ya fara dushewa, duniya ta koma masa kamar yana kallonta ta cikin ruwa. Bai yi ƙorafi ba. Ya ja waya, ya lalubi maɓallai, har ya koya wa injin cewa muddin injin yana riƙe da ɗan yatsa, babu juyi.

Ranar da ya miƙa shagon ga abokin aikinsa Halliru, yana zaune a waje sai wuta ta ɗauke ta dawo. Halliru, da manoma suka cika masa kunne, ya danna maɓallin juyi, sannan ya hango jan kan ɗan yatsan a jikin injin. Injin ko motsi bai yi ba.

"Baba Labbo, ya ƙi tashi," in ji Halliru.

"Ai na jiya da kunnena," in ji Labbo yana murmushi. "Ciro ɗan yatsan ka aje, ka ci gaba."

Malam Labbo, kai ne mai gadin da ya tafi gida amma ƙofa ba ta zauna a buɗe ba. Mun gode, Malam Labbo, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ku yi koyi da shi, ku shirya wa ranar da ba ku nan. Ku kuma manoma, in kun gan shi a bakin gulbi ya karkata kunne, ku gaishe shi da sunansa.