Hannun da Aka Binne a Wurno

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haliru. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo, nakan dafa shinkafa da wake in raba wa maƙwabta sadaka a nan Rara inda nake aure, in yi masa addu'a, in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, saboda wata baƙuwa da na yi makon jiya. Zan zo kanta, amma sai kun fara sanin ko wane ne Haliru.

A wani injin casar shinkafa yake aiki a garinmu Wurno. Ba zan kama sunan mai injin ba. Mutanen gari sun san shi, shi ma ya san kansa. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, don haka Yaya Haliru ne ya ɗauki gidan, shi ya tsaya tsayin daka har na gama sakandare. Kullum la'asar zai shigo fari fat da ƙurar ɓuntu, har gashin ido, Inna tana yi masa tsiya wai ɗanta ya riga ta furfura. Mutum ne mai son raha. Ko gaisuwa zai yi, sai ya riƙe hannun mutum yana girgizawa har sai an yi dariya.

A wata kaka aiki ya yi yawa, bel ɗin da ke juya injin yana yawan zamewa. Sai mai injin ya sa aka cire murfin ƙarfen da ke kare bel ɗin, ya ce idan ya zame kada a kashe inji, a tura shi da sanda a ci gaba, buhuna na jira. Ina tsakar gida ina tankaɗe ranar da Yaya ya ce wa Inna, "Wanga bel wata rana sai ya ci mutum." Inna ta ce ya daina mugun baki. Kafin a gama kakar nan bel ya kama hannun rigarsa ya ja. A asibitin Sakkwato aka yanke hannun damansa daga saman gwiwar hannu. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ya dawo da hannun a naɗe cikin farin ƙyalle, aka binne shi a gefen maƙabartar Wurno, kusa da wata aduwa.

Yaya yana kwance a asibiti, bai ma san inda kansa yake ba, mai injin ya zo gidanmu da liman da dattawan unguwa, da buhun shinkafa da goro. Ina bayan zana ina jin komai. Ya ce, "Haliru ɗana na. Aikinai na nan, in ya warke sai shi zan mai lura da awo." Liman ya yi nasiha a kan ƙaddara. Baffa ya share hawaye ya ce, "Mun yahe, duniya da lahira." Aka shafa Fatiha aka watse. Babu wanda ya ce a jira mai hannun ya farfaɗo a ji ta bakinsa. Shinkafar nan kuwa mun ci ta. Ni na dafa.

Da ya samu sauƙi ya koma wurin aiki, ya tarar an sa wani a wurinsa, wurin awo kuma ɗan'uwan matar Alhaji mai injin ne a zaune. Aka ce ya dawo bayan Sallah. Ya dawo, aka ce Alhaji ya yi tafiya. Daga ƙarshe mai gadi, abokinsa na ƙuruciya, ya ja shi gefe yana kauda kai, ya ce an hana shi zama bakin ƙofa, wai ganinsa yana sanyaya jikin sauran ma'aikata. Yaya ya ce zai kai ƙara wurin hakimi. Baffa ya dube shi ya ce, "Mi kaka so a ce? Dattijon gidanku ya shahwa Fatiha gaban liman, yaro ya tashi ya maishe shi maƙaryaci?" Maganar ta mutu a nan. Inji ya cire masa hannu, yafiyar da aka yi da sunansa ta rufe masa baki.

Abin da mutane ba su gani ba, ni na gani. Mutumin da ke riƙe hannun jama'a yana girgizawa ya koma idan ya hango taro sai ya canza hanya. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da maza, don ya kasa jure sa hagu a cikin tuwon mutane, duk da ba wanda ya taɓa ce masa uffan. A ɗaki nake kai masa. Ni nake zuba masa ruwan alwala kafin ya saba. Wani lokaci yakan ce mini, "Nana, tahin hannun nan ƙaiƙayi shika yi," yana nuna inda babu komai. Na ɗinke hannun damar rigunansa don kada iska ta riƙa kaɗa su.

Daga baya ya koma Taloka yana gadin albasar wani abokinsa a fadama. Dungun hannun bai taɓa warkewa sosai ba, yau ya rufe gobe ya buɗe, har zazzaɓin da ya kwantar da shi. Na same shi da sauran magana. Ya ce, "Nana, na yahe ma kowa, har Baffa. Mai injin nan dai ban yahe ba. Ki riƙe min wagga magana." A Taloka aka yi masa sutura. Shi yana can, hannunsa yana Wurno.

Ina yawan tambayar kaina mi zai ce da ya ga yau. Injinan casa sun yawaita daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, samarinmu sun samu abin yi, zai yi murna da wannan. Amma shekarun baya na ji wani lauya a rediyo yana bayanin cewa akwai doka a ƙasar nan: wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin magani da diyya, ba alfarma ba ce ake yi masa, kuma ba a yar da shi kamar tsohon buhu. Na ajiye muciya na zauna na yi kuka. Ashe abin da Yaya ya yi ta sintiri yana roƙo nasa ne. Da ya ji, na san dariyar da zai yi, irin wadda ba ta kai ciki. Kuma maigidana ya kai shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, injin nan a kakar da ta wuce. Na tambaye shi, ya ce bel ɗin yana nan tsirara yana juyawa, samari na gilmawa ta gefensa da manyan riguna.

To, baƙuwata. Uwargidan mai injin ce, dattijuwa mai kirki, ta shiga mota tun daga Wurno. Na shimfiɗa mata tabarma na dama mata fura. Ta ce Alhaji zai sake tafiya aikin Hajji bana, jiki kuma ya yi rauni, yana bin mutane yana neman gafara kamar yadda aka saba. Inna ta rasu, Baffa ya rasu, ni kaɗai na rage.

Ta ce, "Ɗiyata, don girman Allah ki ce kin yahe, hankalinai shi kwanta."

Na ce, "Hajiya, ai an yahe tun tuni. Baffa ya yahe gaban liman, har shinkafa munka ci. Mi ya hana hankalinai kwanciya?"

Ta sunkuyar da kai. Na ce, "An maida murhin?"

Ta ce, "Wane murhi?"

Wallahi tausayinta ya kama ni, don ba ta san komai ba, aiko ta aka yi. Saura kaɗan in faɗi kalmar don kawai in ga ta tashi da farin ciki. Sai na tuna haka Baffa ya yi: ya ji nauyin baƙi, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Na ce mata hannuna biyu ga su nan lafiya lau, ba ni aka cuta ba, ba ni da abin yafewa. Mai haƙƙin ya bar magana, ni ajiya aka ba ni.

Ta ce, "To mi za ni ce mishi?"

Na ce, "Ki ce mishi hannun na nan inda anka bizne shi, kusa da aduwa. In gahwara shika so, shi tai can shi nema."

Na san wasu za su ce mace mai sallah ba ta riƙo. Ina sallah, kuma a sujada nake kai ƙarar. Malamanmu sun karantar da mu cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai bawan ya sauke shi da bakinsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ƙaddara ce ta sa aka kwance murfin nan ba. Dattawanmu, don Allah idan aka zo muku da goro a kan jinin wani, ku ce a jira mai jinin.

Ba na roƙa wa Alhaji mutuwa. Ina roƙon Allah ya kai shi Makka lafiya, ranar da zai ɗaga hannun damansa a wurin ɗawafi ya tuna. Ya dawo, duk sanda ya miƙa hannu cikin kwano tare da 'ya'yansa ya tuna. Allah ya isar wa Haliru.

Yayana bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya rage mini riga ɗaya ce mai ɗinkakken hannu a ƙasan akwatina, da maganar da ya ba ni riƙo. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Akwai ranar da za a tashe shi daga Taloka, a taso hannunsa daga Wurno a mayar masa. A ranar ba Baffa, ba liman, ba buhun shinkafa. Hannun da kansa zai yi magana.