Baba Mai Zane da Yatsan Gwaggo

Kullum da safe, kafin masu shaguna su gama shara, Baba Mai Zane ya riga ya jingine kekensa, ya wanke burushinsa ɗaya bayan ɗaya, ya jera gwangwanayen fenti a kan benci. Shekara talatin da huɗu ke nan. Allon mai aski, na mai gyaran waya, na asibitin haihuwa da ke kwanar titi, duk aikin hannunsa ne, amma ko ka duba ƙasan allon ba za ka ga sunansa ba. Watan nan zai ajiye burushi saboda ido ya fara gardama, ni kuwa na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba masu gaggawa haushi. Ba ya zana maka komai sai ya zo ya wuni a shagonka, yana zaune a gefe kamar mai jiran canji. Mai aski ya ce saura kaɗan ya kore shi.

Ni shaida ne, don a gidanmu abin ya faru, kuma ni na jawo shi. Gwaggona sabulu take yi, da shi ta riƙe 'ya'yanta huɗu tun rasuwar mijinta. Sai na kawo iyayi, na zauna da kwamfuta na tsara mata takardar naɗi mai furanni da ƙyalƙyali, na ce yanzu kasuwa za ta buɗe. Ina! Cikin wata biyu ciniki ya mutu murus. Sabulu ya taru har bakin ƙofa, Gwaggo ta fara cigiyar wanda zai sayi tukwanenta. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Na je na roƙi Baba, ya zo ya zauna tun safe. Da rana ta take, wata mata ta shigo, ta ɗauki sabulun ta jujjuya, ta ajiye.

"Ina mai yatsan nan? Kun daina yi ne?"

Gwaggo ta ce ai shi ne wannan. Matar ta taɓe baki ta fice.

"Hajiya, wane yatsa take nufi?" in ji Baba.

"Kai, rabu da su, Malam. Dannawa nake yi da babban yatsa in ji ko ya bushe, sai ya bar rami. Abin kunya ne ma, shi ya sa na ji daɗi da ɗan nan ya rufe shi."

Baba ya yi dariya har da tari, ya juyo gare ni.

"Ɗana, ka iya kwamfuta, ba ƙarya. Amma tambarin gwaggonka ka binne."

Ya karɓi almakashi, ya huda takardar tawa a tsakiya, sai ga ramin yatsan ya leƙo. Bayan kwana biyu ya kawo allo fari fat, ba komai a kai sai zanen babban yatsa guda, yadda ko wadda ba ta karatu za ta gane. Ya tsallaka titi ya kalle shi daga can, ya dawo ya ƙara masa kauri.

Kai ne, Baba, mai zanen da kunnensa ke riga hannunsa aiki. Kai ne ka gyara kuskurena ba tare da ka yaga takardata ba, har furannina ka bar su a gefe don kada in karaya. Ina ƙaunarka saboda wannan, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya kare sauran ganin. Ku kuma masu tsara talla, 'yan'uwana, kafin ku kunna na'ura ku je ku zauna a shagon mai kaya, ku yi shiru ku ji abin da masu saye ke cewa.

Yau mata shida ke aiki a ƙarƙashin Gwaggo. Su dama, su zuba, su yanka, su naɗe, amma har yanzu ba wadda take bari ta danna mata yatsa.